Sauron Ambursa da Masu Feshi

Wanda duk ya san ƙasar Kabi ya san arzikinta da cutarta daga wuri guda suke fitowa, watau daga fadamar nan mai faɗi wadda gulbi ke malala a cikinta kowace damina, tun daga Argungu har ya wuce Birnin Kebbi ya gangara ya haɗu da Kwara. Gama ruwan da ke kwanciya ya ba Kabawa shinkafa, ya ba Sarkawa kifi, ya bar wa Fulani ɗanyar ciyawa har tsakiyar rani, shi ne kuma ke renon sauro a kowane kududdufi da kowane sawun kofato, har ya zama da wuya yaro ya yi wayo a ƙasar bai sha fama da masassara ba. Mutanen dā sun san lokacinta sarai, sun san takan tsananta daga tsakiyar damina zuwa kaka, suna kuma da abin da suke yi mata na jiƙo da turare da hayaƙi; abin da ya ɓuya gare su, kamar yadda ya ɓuya ga likitocin duniya duka har 1897 da Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin cikin sauro a ƙasar Hindu, shi ne alaƙar da ke tsakanin cizon da zazzaɓin.

Da Turawa suka ci ƙasa suna riƙe da wannan sani, amma amfanin da suka fara yi da shi na kansu ne. Suka sha kwinin, suka kwana cikin gidan sauro, suka kafa doka a bar fili na yadi 440 tsakanin barikinsu da gidajen talakawa, bisa zaton cewa sauron da ya ciji ɗan gari ba zai yi tafiya mai nisan haka ya ciji Razdan ba. Talaka kuwa rabonsa duba-gari, mai leƙa randa da tulu yana neman tsutsa, in ya samu a ci tara. Haka aka zauna har Yaƙin Duniya na Biyu.

Abin da ya sauya lissafin hukuma shi ne wani farin gari da Paul Müller, masanin haɗa magunguna a birnin Basel na Suwizalan, ya gano ƙarfinsa a kan ƙwari a 1939, wanda aka sani da DDT. An gwada shi a birnin Naples na Italiya a ƙarshen 1943 da farkon 1944, aka barbaɗa wa jama'a a cikin tufafinsu, annobar zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ta tsaya. A 1948 aka ba Müller lambar Nobel. Falalar wannan magani, da 'yan'uwansa da suka biyo baya irin su BHC da dieldrin, ita ce daɗewa, domin in an fesa shi a bango yakan yi watanni yana kisa. Kuma da yake tamatar sauro, wadda ita kaɗai ke shan jini, in ta ƙoshi takan yi nauyi ta nemi bango ko jinka mafi kusa ta sauka ta huta, sai masana suka yi ƙiyasi cewa in aka shafe bangon kowane ɗaki da guba, ba sai an kashe sauron duniya duka ba, ya isa a gajarta ransa ya mutu kafin ƙwayar cutar ta cika kwana goma ko sha biyun da take bukata ta nuna a cikinsa. Ƙiyasi ne mai kyau, ya kuma yi aiki a Italiya da Girka da wasu sassan Hindu. A taron da aka yi a Kampala a 1950 likitoci suka yi doguwar muhawara a kan ko ya dace a gwada shi a Afirka, inda wasu ke tsoron kada a raba manya da garkuwar da jikinsu ya samu tun ƙuruciya, daga bisani cutar ta dawo ta same su tsirara. Masu cewa a gwada suka rinjaya.

Sai ga shi a 1954 an zaɓi yammacin Lardin Sakkwato, a cikin masarautun Gwandu da Argungu, don a yi gwajin. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta ɗauki aikin, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, da jagorancin ma'aikatar yaƙi da zazzaɓi ta Nijeriya wadda Dokta Leonard Bruce-Chwatt ke shugabanta. Ƙasar da aka shata ta kai wajen murabba'in mil 600, mutanenta sun haura 100,000, aka kuma kasa ta uku: wani yanki a fesa masa DDT, wani BHC, wani dieldrin, don a ga wanne ya fi.

Ya kamata mu tsaya mu dubi ranar feshi yadda take, domin a nan ne shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke a Janeba ke shiga ɗakin tsohuwa. Tun jajibere hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya sa an yi shela, gari ya waye mata suna ta fito da tukwane da ƙore da tuluna da buhunan hatsi suna tarawa a tsakar gida, ana kama kaji ana kifewa da kwando, ana ja da gado tsakiyar ɗaki a lulluɓe. Ma'aikata su iso cikin kakinsu, kowa da tankin ƙarfe rataye a kafaɗa, a kwance ƙunshin garin magani a dama shi a bokiti har ya yi fari kamar farar ƙasa, a tace a ɗura, a buga famfo har iska ta cika. Sa'an nan mutum ya sunkuya ya shiga ɗaki, ya tsaya nesa da bango kamar kamu ɗaya, ya riƙa ɗaga sandar feshin daga ƙasa zuwa sama, ya gusa ya sauko, layi yana hawa gefen layi, har ya kewaye ɗakin ya bi cikin jinka. In an gama a rubuta lamba da kwanan wata a jikin bangon waje, a wuce gida na gaba, sai kuma bayan wata shida. Bayansu akwai wata ƙungiya da ba a cika tunawa da ita ba, alhali kuwa ita ce idon aikin: masu sammako su shimfiɗa fararen zannuwa a daɓen ɗaki, su toshe ƙofa, su fesa maganin da ke kayar da sauro nan take, sa'an nan su tsince gawarwakin ɗaya ɗaya da hantsaki su ƙidaya, su ware masu jini a ciki da marasa jini, da kuma likita da ke jera yara yana latsa hagun cikinsu ya ji ko saifa ta kumbura, yana huda yatsa yana ɗiga jini a gilashi.

Da fari abin ya yi kyau ƙwarai. Sauro ya ragu a ɗakuna raguwa mai yawa, kuma abin da ya fi faranta wa masu gida rai, ƙuda da kuɗin cizo da kyankyaso suka ɗauke, mutane suka yi barcin da suka daɗe ba su yi irinsa ba. Amma ba a cika shekara biyu ba, wajen ƙarshen 1955, masu ƙidaya suka ga a yankin dieldrin, musamman wajen Ambursa da ke kusa da Birnin Kebbi, sauro ya komo yana zaune lafiya a kan bangon da aka fesa. Abin da hankali ke fara kawowa a irin wannan hali shi ne ko ma'aikata sun yi ha'inci, ko maganin ya lalace, ko yumɓun bango ya shanye shi, ko matan gida sun sake yaɓe sun rufe shi, kuma dukkan waɗannan suna faruwa. Sai dai da masana biyu, Elliott da Ramakrishna, suka kama sauron suka ɗora shi a kan takardar da aka jiƙa da gubar bisa awo sananne, suka ga awon da ke kashe sauron wasu wurare ƙaf bai ko girgiza wannan ba, shakka ta kau. Suka buga labarin a mujallar Nature a 1956. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar cewa babban sauron zazzaɓi na Afirka, wanda masana ke kira Anopheles gambiae, ya gagari maganin feshi.

Aka aika da ƙwayayen sauron Ambursa zuwa London, wurin George Davidson na Cibiyar Ross, ya rene su, ya haɗa su aure da sauron Ikko wanda magani ke kashewa, ya bi 'ya'ya da jikoki yana gwadawa yana ƙidaya. Ya samu cewa jurewar, wadda ta ninka ta sauron Ikko sau ɗaruruwa, gado ce da ke rataye a kan ƙwayar gado guda ɗaya tak, tana rabuwa tsakanin zuriya bisa ƙa'idar da Mendel ya gano a jikin wake. Da aka koma aka bincika ƙauyukan da feshi bai taɓa zuwa ba, sai aka tarar a can ma akwai 'yan ƙalilan masu ɗauke da ita. Ashe sauron bai koyi kome ba, bai kuma saba da guba ba yadda mutum ke sabawa da yaji. Masu jurewar suna nan tun fil azal, tsiraru a cikin dubbai, ba su da wani fifiko a kan 'yan'uwansu, har ranar da aka zo aka kashe musu 'yan'uwan aka bar musu fadama da jinin mutane su kaɗai. Manomin gero ya san wannan aiki, domin shi ma in ya zo girbi yakan ware zangarniyar da ta fi cika ya ɗaure ta daban don iri, shekara ta bi shekara har geronsa ya koma yadda yake so. Bambancin kawai shi ne manomi yana zaɓe da niyya, mai feshi kuwa ya yi zaɓe bai sani ba, ya kuma zaɓi abin da ya fi ƙi. Sauro kuwa a lokacin zafi da ruwa yakan tashi daga ƙwai ya kai ga yin nasa ƙwai a cikin kwana goma zuwa mako biyu, tamata guda tana zuba ƙwai ɗari ko fiye a zubi ɗaya, saboda haka abin da zai ɗauki manomi tsawon rayuwarsa, sauro ya gama shi a damina biyu.

Wannan shi ne abin da Charles Darwin ya bayyana a littafinsa na 1859, cewa halittu iri ɗaya sun bambanta a junansu, bambancin ana gadonsa, wanda kuma halinsa ya dace da zamaninsa shi ke barin zuriya mafi yawa. Na san malamanmu suna da magana mai tsawo a kan abin da aka gina bisa wannan ra'ayi game da asalin ɗan Adam, ba kuwa shi ne bahasinmu a nan ba. Abin da ya faru a Ambursa al'amari ne na mushahada, an gan shi da ido an ƙidaya shi da hannu, kuma mai imani ba ya rasa inda zai ajiye shi, tun da ya san Ubangijin da bai ji kunyar buga misali da sauro a Suratul Baƙara ba Shi ne Ya sanya wa halittarsa sunnoni da sabubba waɗanda ba sa sauyawa don wata hukuma ta yi kasafin kuɗi.

Abin mamaki, manyan Janeba ba su jahilci wannan ba. Tun 1914 wani masani a Amurka, A. L. Melander, ya ba da labarin ƙwarin itatuwan lambu da suka daina mutuwa da ruwan farar wuta; ƙudan gida ya gagari DDT a Suwidin da Italiya tun 1946 da 1947; sauron Girka ya bi sahu a 1951. Hasali ma da wannan hujja ce shugabannin Hukumar Lafiya ta Duniya suka shawo kan babban taronta na takwas a birnin Mexico a 1955 ya amince da shirin kawar da zazzaɓin daga doron ƙasa baki ɗaya: suka ce tun da maganin yana da ajali, a yi gaggawa a fesa ko'ina da ƙarfi shekara uku ko huɗu, cutar ta ƙare a jinin mutane kafin sauro ya gagara, sa'an nan a ajiye famfo. Ijtihadi ne, ba na kuwa ganin daidai ne a yi masa dariya, domin ya kuɓutar da ƙasashe da yawa da rayuka masu ɗimbin yawa. Illarsa ita ce an yi tsere da abokin hamayyar da ba a auna saurinsa ba, an kuma zuba dukiya duka a makami guda, har aka yi sakaci da binciken ɗabi'ar sauron kansa. Inda aka kusa kai gaci aka sassauta, cutar ta dawo da fushi: Silon, wadda ake kira Sri Lanka yanzu, ta sauko har mutum 17 kacal a 1963, kafin ƙarshen 1969 masu zazzaɓin sun haura 500,000. A shekarar nan ta 1969 Hukumar ta janye daga alkawarin kawarwa.

A Sakkwato kuwa da dieldrin ya faɗi, BHC ma bai daɗe ba, domin ƙofa ɗaya suke bi su kashe ƙwaro, ƙwayar gadon da ta toshe wa wannan ta toshe wa wancan. BHC ɗin nan ne dai maganin da daga baya ya cika kasuwanninmu da sunan gamalin, har wasu marasa tsoron Allah suka riƙa zuba shi a ruwa don kama kifi. Aka mai da yankunan duka kan DDT, sauro ya ragu, jarirai masu ɗauke da cutar suka ragu, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba. Wani abu kuma ya ɓullo daga kejin Davidson wanda ba shi ya je nema ba: 'ya'ya mazan da aka haifa tsakanin sauron Ambursa da na Ikko sun fito ba sa haihuwa. Da ya bi diddigin wannan shekara da shekaru, sai ta bayyana cewa abin da ake kira da suna ɗaya jinsuna ne daban daban masu kama ɗaya a ido, kowanne da halinsa, wani ya fi son jinin mutum da kwanan ɗaki, wani ba ya ƙin saniya ba ya kuma ƙin kwana a waje.

Muhimmancin wannan bai fito sosai ba sai a Garki, wadda ke cikin Jihar Kano a lokacin, Jigawa a yau, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi bincike daga 1969 zuwa 1976 wanda har yanzu ake komawa ga littafinsa, wanda Molineaux da Gramiccia suka fitar a 1980. An fesa wani sabon magani, propoxur, a ƙauyuka 164 a daminar 1972 da ta 1973, feshi na ƙwarai wanda ba a yi masa ha'inci ba, a wasu ƙauyukan kuma aka haɗa da raba wa kowa da kowa ƙwayoyi. Maganin yana kashe duk sauron da ya taɓa shi. Amma duk da ƙarfin yaɗa cutar ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100, masu ɗauke da ita a jini inda aka yi feshi kaɗai ba su ragu da fiye da wajen kashi 25 ba, da aka daina kuma al'amari ya koma yadda yake. Masanin Italiya Mario Coluzzi, wanda ya duƙufa a kan sauron yankin, ya nuna cewa son kwana a ɗaki ko a waje yana da alaƙa da tsarin gadon kowane sauro. Watau akwai waɗanda ke shiga su ciji mutum su fice ba su sauka a bango ba, kuma feshi, komai kyansa, su yake tsallakewa ya bar su su hayayyafa. Jurewa ke nan ta hanyar hali, wadda takardar gwaji ba ta nuna ta.

Masu binciken Garki sun kuma auna jinin mutane ta wata fuska, suka tarar kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadon amosanin jini, abin da ake kira sikila, kuma adadin ya fi yawa a manya bisa jarirai. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai rabin gadon nan yana da kariya daga zazzaɓi mai kisa. Zaɓen da muka yi wa sauro a damina biyu, zazzaɓi ya daɗe yana yi mana irinsa tun kakannin kakanni, diyyarsa kuwa ita ce yaran da suka gaji abin ta wajen uwa da uba.

Sannu a hankali masu tsara manufa suka fara fahimtar cewa kasancewar ƙwaro yana mutuwa da magani wata dukiya ce ta jama'a, mai iyaka, wadda kowane feshi ke ɗiba daga cikinta, ko na likita ne ko na manomi, kuma wanda ya yi israfi da ita a gonarsa ya ci rabon jaririn maƙwabcinsa. Rachel Carson ta yi wannan gargaɗi a littafinta na 1962, inda ta keɓe babi guda a kan gagarar ƙwari. Amurka ta hana DDT a gonaki a 1972. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta hana dieldrin da 'yan'uwansa, ta bar DDT don yaƙi da cuta kaɗai. Indunusiya ta yi abin da ya fi wannan ƙarfin hali a 1986, da ta ga feshin shinkafa yana kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwaron da ke ɓata ta, ƙwaron kuma yana ƙaruwa: ta hana magunguna 57 a gonakin shinkafa, daga baya ta janye tallafin da take ba su, ta koma koya wa manoma su duba gona su ƙidaya kafin su taɓa famfo. A Amurka kuma, da aka fito da masarar da ke ɗauke da gubar tsutsa a jikinta, hukuma ta wajabta wa manomi ya bar kashi 20 cikin 100 na gonarsa da masara marar guba, da gangan, don tsutsar da magani ke kashewa ta rayu ta auri mai jurewa ta tsarma zuriyarta. Wanda bai san labarin irin na Ambursa ba zai ce wannan wauta ce, a ciyar da maƙiyi.

Mu kuwa sai da muka sake biyan kuɗin karatu. Gidan sauro mai magani, wanda aka raba ɗaruruwan miliyoyi a Afirka tun daga shekarun 2000, ya yi aikin da ba a taɓa gani ba, har wani babban lissafi da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa cikin zazzaɓi miliyan 663 da aka kauce wa a nahiyar tun 2000, kashi 68 cikin 100 albarkacinsa ne. Amma dukkan gidajen nan dangin magani ɗaya aka jiƙa su da shi, watau pyrethroid, wanda kuma shi manoman auduga da na shinkafa da na lambu ke fesawa, kuma ƙofar da yake bi ita ce ta DDT. Tun 1993 aka ba da labarin sauron da ya gagare shi a Kwaddibuwa, yau kuwa da wuya a sami jiha a Nijeriya ko a Nijar da ba a same shi ba. Sai a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari na musamman wanda ya ce a riƙa juya magunguna ana musanyawa, a haɗa biyu masu hanyar kisa daban, a kuma riƙa gwada sauron kowane yanki a kai a kai kafin a sayo abin da za a fesa masa. A 2023 ta ba da shawarar gidajen sauro masu haɗe da magani na biyu, chlorfenapyr.

Sai dai tsarin yana hannun ma'aikatar lafiya, famfo kuwa yana hannun kowa. A fadamar Kabi yau noman shinkafa ya ninka na zamanin En'e, rani da damina, kuma a kowace kasuwa akwai mai tebur da kwalaben maganin ƙwari da na ciyawa da fiya-fiya, yana auna wa manomi da murfin kwalba, ba mai tambayarsa dangin wane magani ne, ragowar kuma tana gangarawa cikin ruwan da tsutsar sauro ke kwance. An riga an ga inda wannan ke kaiwa. A 2017 aka amince da wani sabon maganin feshin ɗaki, clothianidin, wanda aka ɗora wa buri domin ba a taɓa amfani da danginsa a kan sauro ba. Ba a yi shekara huɗu ba masu bincike a Kamaru suka ba da labarin sauron da ke jure masa a wata unguwar masu lambu a gefen Yawunde, inda ma'aikatan lafiya ba su taɓa fesa shi a bango ko ɗaya ba, amma manoman kayan miya sun daɗe suna fesa 'yan'uwansa a kan ganye.